Wai da gaske tsaka ake kiwo a keji? Fashin baƙi kan geko mai zanen damisa

Shin wannan 'yar halitta mai ruwan ɗorawa da ɗigo-ɗigon baƙi, da ake ta yawo da bidiyonta a TikTok tana kwance a tafin hannun mutum kamar mai murmushi, ita ce tsakar da muka sani a bangon ɗaki? In kuma ba ita ba ce, mece ce, me take ci, kuma me ya sa mutane da yawa ke sayenta da ɗoki amma kafin shekara ta zagayo ta rame ko ta mutu a hannunsu?

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, ranar da na tura hoton gekon da muke kiwo a gurup ɗin gida na WhatsApp ƙanwata da ke Kano ta yi maza ta rubuto, "Yaya, don Allah ka ce min ba tsaka kuka ajiye wa yarinyar nan a ɗaki ba." Ban ga laifinta ba ko kaɗan, don ni ma da a ce ban zo Ingila na ga yadda ake kiwonta ba, abin da zan ce kenan. 'Yata ce ta nace sai da muka saya, yau shekara biyu da 'yan watanni muna tare da ita, kuma abin da na fahimta shi ne yawancin wahalar da dabbar nan ke sha a hannun sababbin masu ita daga wuri ɗaya take zuwa: ana ɗaukarta kamar kyanwa, ana fassara motsinta da ma'aunin ɗan Adam, alhali ita kusan duk abin da take yi amsa ce ga abu biyu, zafi da tsoro.

Wace ce ita, kuma ina ne asalinta?

Turawa suna ce mata leopard gecko, saboda zanen jikinta irin na damisa. Sunanta a wajen masana Eublepharis macularius, kuma wani masanin dabbobi ɗan Ingila mai suna Edward Blyth ne ya fara bayaninta a rubuce a 1854. Asalinta busassun wurare masu duwatsu da 'yar ciyawa a Afganistan, Pakistan, arewa maso yammacin Indiya da wani yanki na Iran. A lura, duwatsu da ƙasa mai tauri na ce, ba tulin rairayi irin na Sahara ba, wannan bambancin zai dawo mana nan gaba.

Dangi ɗaya suke da tsakar gida amma na nesa. Tsakar bango tana da wasu 'yan faifai a ƙarƙashin yatsunta da suke manne ta a bango har ta bi silin a kife, ita wannan ba ta da su, ƙananan farata gare ta, a ƙasa take rayuwa, gilashi ma ba ta iya hawa. Tsakar bango ba ta da fatar ido, shi ya sa idonta kullum a buɗe, ita kuwa wannan tana ƙiftawa tana rufe ido ta yi barci, ma'anar farkon sunan nata ma kenan, mai fatar ido ta ƙwarai. Babba takan kai tsawon santimita 20 zuwa 25, jariranta da zane mai ratsi-ratsi ake ƙyanƙyashe su, sai suna girma ratsin ya tarwatse ya koma ɗigo. In aka kula da ita yadda ya kamata tana yin shekara 15 zuwa 20. Wato yarinyar da aka saya wa tana aji huɗu a firamare, tana iya gama jami'a abar nan na nan da ranta. Wannan lissafin ne masu shago ba sa tsayawa su yi wa mutum.

Maganar dafi da maganar addini

Nan ne namu mutanen suka fi tsayawa, kuma magana biyu ce da ake cakuɗawa. Ta farko, wai tana da dafi, in ta lashi kwano ko ta faɗa abinci an shiga uku, wasu har su ce tana sa ciwon fata irin kuturta. Geko dai ba ta da dafi, wannan ko ta bango, cizonta ma da wuya ya huda fata. Kuturta kuwa ƙwayar cuta ce ta daban ke kawo ta, babu ruwan tsaka. Amma tsoron da iyayenmu ke yi ba a banza yake gaba ɗaya ba, don dabbobi masu jan ciki irin su ƙadangare, kunkuru da maciji suna iya ɗauke da ƙwayar salmonela a hanjinsu ba tare da su sun yi ciwo ba, tana fita ta kashinsu, in ta shiga cikin mutum kuma gudawa ce da zazzaɓi. Shi ya sa a gidanmu doka ce, an taɓa ta ko an taɓa kejinta sai an wanke hannu da sabulu, ba a wanke kwanonta a wajen wanke-wanken kicin, ba a kai ta kusa da baki. Gidan da ke da jariri ko yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ko mai juna biyu ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, ni shawarata a haƙura tukuna.

Ta biyu ita ce ta addini. Akwai hadisai ingantattu a Bukhari da Muslim da suka yi umarni da kashe wazagu, wanda muke fassarawa da tsaka, kuma mutane da yawa a kan wannan suka tsaya suka ce kiwon duk wani mai wannan suna bai dace ba. Wasu kuma suna ganin abin da ake nufi tsakar gida ce mai cutarwa a cikin mutane. Hukuncin na malamai ne, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malamin da ya yarda da shi kafin ya saya, ba bayan ya kawo ta gida ba, don rai ne da zai rataya a wuyansa.

Zafi shi ne kan gaba a komai

Kwanakinmu na farko da ita ba zan manta ba. Kwana tara ba ta ci komai ba. Mu zuba mata gyare, gyaren ya yi ta yawo har ya hau kanta, ita ko kallo. 'Yata ta zauna gaban kejin da daddare da fitilar waya a hannu tana cewa, "Abba, ko ba ta son mu ne?" Shagon da muka saya sun haɗa mu da keji da buhun yashi da 'yar tabarmar ɗumi, babu wanda ya ce mana ku auna zafin. Da na sayo ma'aunin zafi na ɗora a ƙasan kejin inda take kwanciya, digiri 24 na gani.

Ga yadda abin yake. Jikinta ba ya samar da ɗumin kansa kamar namu, daga waje take aro. In babu ɗumi abinci ba ya narkewa a cikinta, ita kuma ta san haka, sai ta ƙi ci. Don haka keji dole ya kasu biyu, gefe ɗaya mai ɗumi wajen digiri 30 zuwa 32, ɗaya gefen mai sanyi-sanyi wajen 24 zuwa 26, ita da kanta za ta riƙa kai-komo tsakaninsu tana daidaita jikinta, ta ci ta je ta shimfiɗa ciki a kan dutse mai ɗumi, ya ishe ta ta koma inuwa. Da dare in zafin ya sauka zuwa wajen 20 babu matsala. Duk abin da zai ba da ɗumin, fitila ce ko tabarma, dole a haɗa shi da tamostat, na'urar da ke yanke wuta in zafi ya kai inda aka sa, in ba haka ba tabarmar nan tana iya ƙona mata ciki, kuma ba lallai ta tashi da wuri ba. Shi ya sa ma ƙaramin keji ba ya yi, a ɗan akwati babu inda za a samu gefen zafi da gefen sanyi, yawancin masu kiwon yanzu kejin da ya kai santimita 90 a tsawo suke ba babba.

Sai maɓoya, aƙalla uku: ɗaya a gefen ɗumi, ɗaya a gefen sanyi, ɗaya mai danshi. Da muka gyara zafin muka ƙara maɓoya muka daina leƙa ta, a dare na uku ta fito ta kama gyare huɗu a jere. Ko da komai daidai ne ma, sabuwar geko takan yi sati ɗaya zuwa biyu tana ɗari-ɗari, a wannan lokacin kada a ɗauke ta, a canza mata ruwa kawai a ba ta wuri.

Me motsinta yake nufi?

Murmushin nan da ke jan hankalin mutane tsarin muƙamuƙinta ne kawai, haka bakin yake ko tana jin daɗi ko tana cikin azaba, kuma wannan ya cuci geko da yawa, don mai ita yana kallon fuska yana cewa ai lafiyarta lau. Wutsiya ake kallo da ido da yadda take tafiya.

In ta ɗaga wutsiya sama tana kaɗa ta a hankali hagu da dama kamar maciji, tsoro take ji, tana jawo hankalin abin da take zaton maƙiyi ne zuwa wutsiyar don ya bar kanta. Wanda ya ga haka ya janye hannunsa. In kuma ƙarshen wutsiyar ne ke ɗan karkarwa tana kafe gyare da ido tana taku ɗaya-ɗaya, farauta ce, yanzu za ta kai cafka. Namiji in ya ji ƙanshin mace yakan girgiza wutsiya da sauri har ka ji ƙararta a ƙasa. Ƙanana kuwa in aka tsorata su sukan miƙe a kan ƙafafu su buɗe baki su yi wata 'yar ƙara mai kaifi, yawanci suna bari in sun girma.

Yawan lasar da take yi, ta lashi hannunka ta lashi dutse, ba so ba ne kuma ba yunwa ba ce, da harshe take ɗauko ƙanshi ta kai wa wata gaɓa da ke saman bakinta, haka take gane inda take da wanda ke kusa. Barcin rana kuma ba ciwo ba ne, ita da almuru da asuba take harkarta. In tana ta kartar gilashi tana neman hawa ba ji ba gani, a duba zafin ko ya yi yawa, ko kejin ya yi mata kaɗan, ko babu inda za ta ɓuya.

Wani hali nata da ke burge ni, lungu ɗaya take zaɓa ta mai da shi ban-ɗaki, kullum nan. Kashin baƙi-baƙi ne da ɗan fari a jiki, farin nan shi ne fitsarinta a daskare, dabarar dabbar da ta fito daga inda ruwa ke da tsada. In ya koma ruwa-ruwa mai wari na kwanaki, wannan na likitan dabbobi ne.

To tana sabawa da mutum? Tana sabawa, amma irin nata sabon. Tamu yanzu in na sa hannu na shimfiɗa tafi a ƙasan kejin takan zo ta lasa ta hau da kanta, wata rana kuma ta juya ta tafi, in ta tafi na bar ta. Ba a kawo mata hannu ta sama, don a daji ta sama tsuntsu ke sure ta. Minti biyar zuwa goma ya isa, a zaune a ƙasa, saboda ba ta san tsayi ba, tana iya takawa ta faɗo daga hannu. Kaɗaici kuma ba ya damunta, tausayin da ke sa mutane su sayo mata "abokiyar zama" shi ke jawo cizo da guntulewar wutsiya, maza biyu kam faɗa za su yi har jini.

Wutsiyar nan rumbu ce

Kaurin wutsiyarta kitse ne da ta tara, da shi take rayuwa in abinci ya yanke. Lafiyayya wutsiyarta kusan kaurin wuyanta take. In ka ga ta tsuke ta koma kamar tsinke, akwai matsala babba, sau da yawa ƙwayoyin cuta ne a hanji, akwai wata ma da ake kira kirifto mai wuyar magani da ke yaɗuwa tsakaninsu, shi ya sa wanda ke da wasu a gida ba ya haɗa kayan sabuwa da na tsofaffi sai an yi watanni.

In aka kama ta ta wutsiya ko ta firgita ƙwarai, yar da ita take yi, wutsiyar ta yi ta mutsu-mutsu a ƙasa ita ta tsere. Tana sake fitowa cikin wata ɗaya zuwa biyu, masu bincike a Jami'ar Guelph ta Kanada sun daɗe suna nazarin yadda hakan ke faruwa, amma sabuwar ba ta zama kamar ta asali, guntuwa ce mai kumburi, guringuntsi ne a ciki maimakon ƙashi. Kuma ta yi asarar rumbunta gaba ɗaya, sai an ƙara mata abinci an shimfiɗa mata tishu mai tsabta har wurin ya warke.

Saɓa

Ƙarama takan yi saɓa duk sati ɗaya ko biyu, babba duk wata ɗaya zuwa biyu. Za ka ga launinta ya dushe ta yi fari-fari kamar an barbaɗa mata toka, sai ta ja fatar da bakinta ta cinye. Amfanin maɓoya mai danshi kenan, ɗan roba mai murfi da aka huda masa ƙofa aka sa jiƙaƙƙen tishu ko gansakuka a ciki.

Mu sau ɗaya muka bari tishun ya bushe, washegari na ga farar fata ta naɗe mata yatsu biyu na ƙafar baya kamar zobe. Irin wannan in aka bari yana shaƙe jini har yatsan ya bushe ya faɗi. Na zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi a roba, iya wanda zai rufe ƙafafunta kawai, ta tsaya a ciki kamar minti goma, sannan na sa auduga mai tsinke ina murzawa a hankali, 'yata na riƙe da fitila hannunta na rawa, har fatar ta zame. Tun daga ranar duk bayan saɓa sai mun ƙirga yatsu ashirin ɗin nan ɗaya bayan ɗaya.

Abinci, da garin da ba a wasa da shi

Ƙwari kawai take ci, masu rai, ba ganye ba 'ya'yan itace. Gyare, fara, kyankyason kiwo, da tsutsar gari. Ƙarama kullum, babba sau biyu zuwa uku a sati, kuma kada ƙwaron ya fi faɗin da ke tsakanin idanunta. Su ma ƙwarin sai an ciyar da su karas da ganye kwana ɗaya kafin a ba ta, don abin da ke cikinsu shi take amfana da shi.

Sai garin kalsiyam da bitamin D3 da ake barbaɗa wa ƙwarin. Wanda ya yi sakaci da wannan ƙasusuwanta za su yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe, muƙamuƙi ya kasa kama abinci, ta koma jan ciki tana karkarwa, kuma abin da ya lanƙwashe ba ya miƙewa ko an yi magani. Wannan ciwon ya fi komai ba ni takaici, don kuɗin garin bai taka kara ya karya ba. In babba ta rage ci da hunturu, ko mace a lokacin da take ɗauke da ƙwai, wanda takan yi ko babu namiji, indai wutsiya ba ta rame ba ba abin tashin hankali ba ne.

Inda masu kiwon suka rabu

Rigima ta farko yashi. Wasu sun ce haram ɗin kiwo ne, tana haɗiye shi ya toshe mata hanji. Wasu sun ce a'a, lafiyayyar geko da ke samun ɗumi daidai tana fitar da ɗan abin da ta haɗiya, kuma tana son tono, don haka suke cakuɗa ƙasa da yashi su danne. Ni ina ganin kowa da gaskiyarsa, amma sabon shiga da ƙaramar geko ya fara da tishu ko tayil, ya ga kashinta ya san lafiyarta, yashin nan mai kalsiyam da ake sayarwa a buhu kuwa ni na zubar da namu.

Ta biyu fitilar UVB, mai haske irin na rana da ke sa jiki ya haɗa bitamin D3. Tsofaffin masu kiwo sun yi shekaru ba su amfani da ita, gari kawai, suna cewa ai dabbar dare ce. Na yanzu suna cewa a daji tana samun ɗan hasken safiya da yamma, don haka a sa mata marar ƙarfi tare da inuwar da za ta gudu. Mu mun sa.

Ta uku ta fi nauyi a wajena, launuka. An yi ta haɗa iri don a samu kala mai tsada, zabiya kaɗai kashi uku ce, Tremper, Bell da Rainwater, kuma idonsu ba ya son haske mai ƙarfi. Irin da ake kira Enigma da yawansu suna fama da ciwon jijiya, suna juyi wuri ɗaya suna karkata kai suna kasa cafke abinci. Lemon Frost kuwa ƙari ke fito musu a fata, binciken da aka wallafa a 2021 daga jami'ar UCLA ta Amurka ya danganta launin da ƙarin ga ƙwayar gado ɗaya. Duk wanda ya biya kuɗi ya sayi irin waɗannan, ya ba mai haɗawa dalilin ya sake haɗawa.

Wanda yake gida kuma yana sha'awa

A nan Ingila matsalarmu sanyi ne, wuta kuma ba ta yankewa. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi abin juyewa yake, a watan Afrilu ɗaki kan wuce digiri 35, kuma zafin da babu inda za ta guje masa ya fi sanyi saurin kashe ta, akwatin gilashi kusa da taga kuwa tanda ne. Da hunturu kuma ga sanyin dare ga bushewar da ke hana saɓa fita, ga wutar da ba a san lokacin zuwanta ba. Farar da ake kamowa a gona ko kyankyason gida ba a ba ta, don ana iya samun maganin feshi a jikinsu, dole mutum ya yi kiwon ƙwarinsa. Likitan da ya saba da irin waɗannan dabbobin ma a nemo shi tun kafin a buƙace shi.

Akwai kuma 'yar uwarta ta kusa da asalinta namu yankin ne, geko mai kaurin wutsiya, Hemitheconyx caudicinctus, da ake samu daga Senegal har Kamaru, ciki har da Najeriya, ana fitar da ita zuwa kasuwannin Turai da Amurka ta Gana, Togo da Benin. Ita ma tana da fatar ido, ita ma a ƙasa take, sai dai launinta ƙasa-ƙasa ne mai faffaɗan ratsi kuma ta fi son danshi. In wani ya kawo maka irinta a kwali ya ce daga daji aka kamo, ka sani yawanci da tsutsar ciki suke zuwa, a firgice, kuma sukan daɗe ba su karɓi abinci a keji ba.